Yadda zaka shirya wa bitar masu yaɗa labaran inshora in kana aiki a Katsina

Tunda aka fara maganar bitar nan da za a yi ma jami'an yaɗa labarai da masu hulɗa da jama'a na ɓangaren inshora abokan aiki ke tambayata wai me mutum zai riƙe ya tafi da shi. Ni dai shawarata, kar ka je da littafi da biro kawai, ka tafi da tambayoyin mutanen garin nan, don su ne zaka dawo ka fuskanta.

Kafin ranar ka ware yini guda ka zaga. Ka shiga tasha ka zauna da direbobin da ke jigilar Katsina zuwa Daura ko Funtuwa, ka tambaye su takardar inshorar da ke cikin motarsu me take masu. Wallahi mafi yawa zasu ce maka ta nuna ma ƴan sanda ce da ƴan KASSAROTA masu kula da zirga-zirgar motoci a jiha, shi ke nan. Wani direba da na zauna da shi ya zaro tashi daga cikin leda, duk ta yi laushi, ya ce shekara nawa yana biya ba a taɓa gyara mashi ko fitila ba, alhali wannan inshorar da doka ta wajabta ma mai mota ba motarka take gyarawa ba, wanda ka yi ma ɓarna take biya. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, wato NAICOM, ta ɗaga kuɗinta daga N5,000 zuwa N15,000 ga motar gida, diyyar dukiyar wanda aka yi ma ɓarna kuma ta kai har naira miliyan 3. Mutane sun ji ƙarin kuɗin sarai amma miliyan ukun nan ba wanda ya gaya masu, kuma wannan giɓin namu ne mu masu isar da saƙo. Ka rubuta maganarsu yadda suka faɗe ta, kar ka gyara.

Daga nan ka leƙa Babbar Kasuwa. Wanda ya ga gobarar watan Maris na 2021 ba sai an yi mashi dogon bayani kan asara ba, abin da zai tambaye ka shi ne in ta faru da gaske za a biya, kuma cikin kwana nawa, kuma wace takarda za a nema. Tau waɗannan su zaka aje gaban masu gabatar da darasi, ka nace sai an baka amsa dalla-dalla, daga ranar da mutum ya kai rahoto har ranar da kuɗi zai shiga asusunshi.

Sai maganar addini, wadda ita ce babba a nan, kuma in baka tayar da ita ba ana iya gama bitar ba a taɓo ta ba musamman in masu koyarwar daga Legas suke. Mutanenmu na gudun inshora saboda riba da garari (wato rashin tabbas a ciniki) da kama da caca, kuma wannan ba jahilci bane, tambaya ce mai tushe da ta cancanci amsa cikin ladabi. Ka karanta tsarin takaful, wato inshorar Musulunci, kafin ka je. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa tun 2013, akwai kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful, mahalarta na zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar taimakon juna, kamfani na kula da shi a kan lada, akwai kwamitin malamai da ke sa ido, in an samu rara kuma a raba ma mahalarta. In zaka iya faɗin wannan cikin minti biyu a majalisa bayan la'asar ba tare da ka sa turanci ba, ka shirya.

Ka yi ɗan jerin kalmomi ma, kowace kalmar turanci da aka faɗa a zauren ka rubuta Hausarta a gefe nan take, kuɗin zubi, neman diyya, dillalin inshora, abubuwan da yarjejeniya bata ɗauka ba. Wadda ta gagare ka ka tambayi ƴan Kano da Sakkwato lokacin shan shayi, ka karɓi lambobinsu.

Kar ka manta da takardun inshora na bogi. Ka tabbatar ka iya duba lambar mota da wayarka a NIID, rumbun bayanan inshora na ƙasa da ke nuna ko inshorar mota ta gaske ce, ka gwada da taka tukun, don abu ne da zaka iya nuna ma direba a tsaye ya gani da idonshi.

In ka dawo kar ka bari sati ya wuce. Ka ɗauki abu ɗaya tak, ka yi saƙon murya na minti ɗaya na WhatsApp ko ka nemi fili a Companion FM ko gidan rediyon jiha, amma kafin ya fita ka koma tasha ka kunna ma direban nan mai leda, ka ce ya maimaita maka abin da ya fahimta.