Kafin ka buga d2c a MATLAB ka tafi, tsaya ka duba waɗannan

Duk lokacin furojet sai ƙannena na Ayigya Zango a Kumasi masu karatun injiniya su cika min ɗaki da laftof, wai "Yaya, mun mayar da modal daga z zuwa s amma abin ya ƙi zama." Umarnin d2c na manhajar lissafi ta MATLAB suke nufi, mai mayar da modal na awo-awo (z) zuwa na lokaci mai gudana (s). Kuma wallahi kusan kullum matsalar abu ɗaya ce ko biyu.

Babban shi ne Ts, wato tazarar da ke tsakanin awo da awo. Lissafin pol dai, wato lambar da ke nuna saurin motsin modal, s = ln(z)/Ts ne, in Ts ya karkace komai ya bi shi. Wani yaro Arduino ɗinsa, ƙaramin allon kwamfuta, na karanta gudun inji duk milisakan 10, ya zo MATLAB ya rubuta 0.1 maimakon 0.01, sai pol ɗinsa na 0.9 da ya kamata ya faɗa -10.5 ya koma -1.05, inji ya zama mai nawa har sau goma a takarda, shi kuma yana ta zagin kwamfuta har waakye ɗinsa ya huce. Masu kalkuleta kuma, ln ake dannawa ba log ba.

Sai hanya. Zoh da tustin hanyoyi biyu ne na juya modal tsakanin z da s. In ba ka faɗa wa d2c komai ba, da zoh take aiki. To in da tustin aka kai modal ɗin z tun farko, da tustin za ka dawo da shi, in ka cakuɗa lambobi za su fito kam amma ba naka ba ne.

Pol da ke zaune kan z = 0 zoh ba ta karɓarsa, don sifili ba shi da ln. Sau da yawa jinkiri ne kawai, ka cire shi ka rubuta shi a matsayin jinkiri. Wanda ya fi ruɗa yara shi ne pol irin -0.5, sai su ga modal ya ƙara oda, wato yawan pol ɗinsa ya ƙaru, su ce MATLAB ta haukace. Ba hauka ba ne. Ni in na ga haka awon nake fara zargi, ko tazarar awon ta yi yawa ko hayaniya ta shiga. Ita ma tustin tana da nata, ba ta shiri da z = -1, kuma tana lanƙwasa firikwensi in an kusanci π/Ts, iyakar firikwensin da awon ke iya kamawa, shi ya sa aka yi prewarp don daidaita firikwensin da ka zaɓa.

In ka gama, ka mayar da shi z da umarnin c2d, da Ts ɗin nan da hanyar nan, ka ɗora step (zanen martanin modal ga canji na farat ɗaya) na modal ɗin asali da na wanda ka dawo da shi a zane ɗaya. In ba su hau kan juna ba kar ka kai wa malaminka tukuna.