Ga sababbin ɗaliban rediyogirafi: kafin ku shiga ɗakin hoto

'Yan'uwa, ku riƙe darasin ƙasusuwa da kyau tun yanzu, domin wanda bai san inda gaɓa take ba, ba zai iya saita majiyyaci ba.

Bajon TLD da za a ba ku, wato ɗan bajon da ke auna yawan hasken X-ray da ya taɓa jikinku, a ƙirji ake maƙala shi, ƙarƙashin rigar dalma. Kada a ara wa wani, kada a bar shi a ɗakin hoto, don zai ƙirga hasken da bai taɓa jikinku ba. Nisa ma kariya ce: in kun ninka tazararku da injin, hasken da ke iso ku zai koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Hoton ƙirji kuwa, tazara santimita 180, ƙirjin majiyyaci a jingine da faifan ɗaukar hoton, a turo kafaɗu gaba, ya ja numfashi sosai ya riƙe. In tazarar ta gaza, zuciya za ta fito da girman da ba nata ba. A sa alamar dama ko hagu kafin a danna maɓallin ɗaukar hoton, a cire sarƙa, a kuma tambayi mace cikin ladabi ko tana da juna biyu.

Rajistar ɗalibai ta RRBN ma, wato hukumar rajistar ma'aikatan rediyogirafi ta Najeriya, don Allah kada ku yi sakaci da ita.