Yadda Ake Zaɓen Kwantirolar Sola Daidai da Fanel da Batir

Kwantirola ita ce na'urar da ke tsakanin fanel da batir tana daidaita caji. Lambar amp da aka rubuta ɓaro-ɓaro a gabanta, 40A ko 60A, ita kaɗai masu saye suka fi dubawa. Akwai wasu lambobi biyu da ba su kasa ta muhimmanci ba: ƙarfin bolt ɗin da kwantirolar za ta iya ɗauka daga fanel, da yawan cajin da batir zai iya sha ba tare da ya lalace ba. Kafin ka nufi Sabon Gari ko PZ a Zariya sayayya, juya fanel ɗinka ka kwafi abin da ke jikin takardar bayansa: W (ƙarfinsa a wat), Voc (bolt ɗinsa in ba a haɗa shi da komai ba), Vmp (bolt ɗinsa lokacin da yake ba da cikakken ƙarfinsa) da Isc (iyakar amp ɗin da zai iya fitarwa).

Kwantirola iri biyu ce: PWM da MPPT. PWM tana da araha, amma tana janyo bolt ɗin fanel ƙasa ya yi daidai da na batir, ragowar ta tafi a banza. Ta dace da ƙaramin aiki, kamar fanel mai Vmp wajen 18V a kan batir 12V. Lissafinta: Isc sau adadin layukan fanel da aka haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, sau 1.25. Fanel biyu masu Isc 9A, kowanne a layinsa, sun ba da 22.5A, sai ka sayi mai 30A. Amma in ka ɗora babban fanel mai 400W a kan batir 12V ta PWM, 13A sau 14V za ka samu, wato wajen 180W. Fiye da rabin kuɗinka ya zube.

MPPT kuwa tana juya rarar bolt ta koma amp, don haka lissafinta daban ne: jimillar W a raba da bolt ɗin batir. Mu ɗauki fanel 4 masu 400W, kowanne da Voc 37V, a kan batir 24V. 1,600 raba 24 ya ba da kusan 67A. Mai 80A za ta ɗauke su har da sarari don ƙari nan gaba. Mai 60A ma tana iya yi idan littafinta ya yarda da wannan W ɗin, domin a zafin Maris da Afrilu da wuya fanel ya ba da abin da aka rubuta masa. Da batirin 48V ne, 33A kawai za a samu, mai 40A ta wadatar, waya ma ta ragu kauri.

Inda ake tafka asara shi ne wajen bolt. Idan ka haɗa fanel a jere, jan wayar wannan zuwa baƙar wancan, Voc ɗinsu taruwa yake yi. Huɗun nan a jere 148V ke nan, mutum ya ga an rubuta 150V a jikin kwantirola ya ce ai ta ɗauka. Ba ta ɗauka ba. An auna Voc ne a zafin digiri 25, kuma duk digiri ɗaya da aka sauka, bolt yana ƙaruwa da kusan kashi 0.3 cikin 100. Da asubar hunturu a Zariya sanyi na sauka ƙasa da digiri 15, kuma daidai lokacin da rana ta fara dukan fanel yana da sanyi ƙalau. A digiri 15 kaɗai, 148V ta haura 152V. Rarar amp, kwantirola mai kyau takan rage ta da kanta. Rarar bolt kuwa ƙona ta take yi, kuma garanti ba ya biyan wannan. Saboda haka a kullum ka ƙara kashi 10 cikin 100 a kan jimillar Voc. A misalinmu, a yi layi biyu, kowanne da fanel biyu: 74V, da ƙarin ya kai 81V, ko mai 100V ta ɗauka lafiya lau.

Saura batir. Batirin ruwa mai 200Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ajiyewa) yana son caji tsakanin 20A da 40A. Guda biyu masu 12V a jere sun zama 24V amma har yanzu 200Ah ne, kada a ruɗe a ce 400. Zuba musu 60A kullum ɗura ce: za ka ji suna tafasa, jikinsu ya yi zafi, ruwa ya riƙa ƙarewa da wuri. Gaskiya ne firij da fanka na cinye wani kaso da rana, amma ranar da aka tafi unguwa aka kashe komai, duka batir zai sha. Ko dai a ƙara batura su zama 400Ah, ko a rage amp ɗin caji a saitin kwantirola. Batirin litiyam yakan ɗauki har rabin Ah ɗinsa, sai dai a duba takardarsa, a zaɓi saitinsa, a kuma kashe cajin daidaitawa da ake yi wa batirin ruwa.

Tsakanin kwantirola da batir, 60A na buƙatar wayar jan ƙarfe mai kaurin 16mm², gajeriya, da fiyus ko birekar DC ta wajen 80A kusa da batir. Kankare bakin wayar kafin ka biya. In cikin fari ne, alminiyam ce aka yi wa rufi. A kafa kwantirola a tsaye a bango mai inuwa, a bar mata tazarar taƙi guda sama da ƙasa, ba kai tsaye a saman batirin ruwa ba, domin tururinsa na cin ƙarfe. Ƙurar hunturu tana toshe mata hanyar iska, a riƙa kaɗe ta. Kafin damina a sa kariyar tsawa da wayar ƙasa.

Wajen haɗawa, batir ne farko, don kwantirola ta gane 12V ce ko 24V, sannan fanel. Wajen cirewa, fanel ne farko. Da rana tsaka ka gwada ta da mita: a MPPT ta gaskiya, amp ɗin da ke fita zuwa batir ya fi wanda ke shigowa daga fanel. Idan batir na jin yunwa kuma ka ga lambobin biyu daidai suke, PWM ce aka canza wa suna, ka mayar wa mai shago.