Takin bakteriya a gonar shinkafa: kurakuran da aka fi yi

Jama'a wannan garin da ake sayarwa a leda ana cewa takin bakteriya ne, abu ne mai rai fa, ba irin NPK ba ne da za ka jefar a lungun shago wata shida. Ƙwayoyi ne irin su Azospirillum da Bacillus, suna manne wa saiwar shinkafa wasu har su shige ciki, su sa saiwa ta yi yawa ta riƙa jan ruwa da abinci sosai, wasunsu kuma su kamo naitirojin, sinadarin da yuriya ke ba shuka, daga iska tunda kusan kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa shi ne.

To kuskuren da ya fi yawa shi ne rana. Mutum ya ɗaure leda a bayan mashin tun safe, ko ya cakuɗa da iri ya shanya a tsakar gida, wallahi kafin azahar yawancinsu sun mutu, sai ya dawo yana cewa kayan bogi ne. A ajiye a inuwa mai sanyi, a duba ranar lalacewa a jikin leda, in an gauraya da iri a bari ya sha iska a inuwa a shuka ranar. Masu dashe su tsoma saiwar cikin ruwan da aka dama garin a ciki kamar minti 30 sannan su dasa. Kar a zuba shi kwano ɗaya da maganin wanke iri, ruwan famfo mai kulorin ma a guje shi.

Wasu kuma sai su ɗauko NoduMax, takin bakteriya na cibiyar binciken noma ta IITA, su zuba wa shinkafa, alhali na waken suya ne, shinkafa ba ta yin 'yan ƙululun nan a saiwa irin na wake da gyaɗa.

Wanda ya fi ci min rai shi ne a ce wa manomi ya daina sayen yuriya gaba ɗaya. A'a! Abin da ƙwayoyin ke kamowa bai isa ya riƙe shinkafa har yanka ba, rage taki ake yi kaɗan kaɗan. Shi ma mai labta yuriya fiye da ƙima ya cuci kansa, don in naitirojin ya wadata a ƙasa sai ƙwayoyin su daina kamo na iska. Ka ware fangali biyu kusa da juna, ɗaya da haɗin ɗaya babu, ka auna buhunan kowanne bayan sussuka kafin ka taɓa lissafin takin baɗi.