Yadda za ki gane ko yaronki yana da isasshen zinki

Ƴar'uwa, in aka ce miki yaronki ba shi da zinki, sinadarin da jiki ke samu daga abinci, ki tambaya da me aka auna. Aikina ɗibar jini ne a wani labo a nan Maradi, kuma ina faɗa miki takardarmu ita kaɗai ba ta isa a yanke hukunci ba. Zinkin da ke jikin babban mutum gram 2 zuwa 3 ne kacal, mafi yawansa a cikin tsoka da ƙashi. Wanda ke yawo cikin ruwan jini bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma yana hawa yana sauka a yini guda.

Ki fara da kwanon yaron. Me ya ci a makon nan? Gero da dawa da wake duk suna da zinki, sai dai suna ɗauke da fitat, sinadarin da ke hana hanji tsotse shi. Jiƙa hatsi ya kwana, ko barin gasara ta yi tsami irin ta koko, yana rage fitat ɗin. In mako ya wuce fura da tuwo kawai, ba nama, ba hanta, ba kifi, ni daga nan nake fara zargi.

Sai tsawo. Ki sa a kwantar da shi a allon awo, a duba tsawonsa da shekarunsa. Zaren da ake ɗaura wa a dantse rama yake nunawa, ba zinki ba. Masana suna ɗaukar yanki yana cikin haɗari idan kashi 20 cikin 100 na yaransa ƴan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, amma wannan awon gari ne, ba na yaro ɗaya ba. A jikinsa kuwa ki lura da zawo mai tafiya yana dawowa, ƙin cin abinci, saɓar fata a kewayen baki da dubura, zubewar gashi, da gyambon da ya ƙi warkewa. Farin ɗigon farce da mata ke nuna mini ba hujja ba ne.

In za a ɗebi jini, a nan ake yawan ɓata aiki. Ku zo da safe, babba kuma ya zo bai karya ba, domin zinkin jini yana sauka bayan cin abinci. Kada a auna mai zazzaɓi. Da damina, lokacin da cizon sauro ya cika ɗakunan jinya, cuta tana janye zinki daga jini zuwa hanta, sai sakamako ya fito ƙasa alhali ba rashi ba ne. Ki roƙi a haɗa da gwajin CRP, mai nuna ko jiki na fama da cuta, don a gane haka. Kwalbar ma ta musamman ce, mai shuɗin murfi, don murfin roba na yau da kullum yana zuba nasa zinkin a ciki. Ni nakan ɗaga kwalbar a hasken taga bayan na raba ruwan jinin: in rawaya ne garau, madalla, in ya yi ja-ja, ƙwayoyin jini sun fashe sun ƙara masa zinki, sai a sake ɗiba. A zafin watan Afrilu kuwa, jinin da ba a raba da wuri ba sai a sa shi cikin ƙanƙara.

Da safe, yaro ƙasa da shekara 10 ana so zinkinsa ya kai mikrogram 65 a kowace desilita ta ruwan jini. Mace da ba ta karya ba 70, namiji 74. Na mai ciki yana sauka dama, don haka ma'auninta daban ne.

Yaro mai zawo dai kada ki jira wani gwaji. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a ba shi ƙwayar zinki miligram 20 kullum, kwana 10 zuwa 14, tare da ruwan gishiri da sukari. Jariri ƙasa da wata 6 miligram 10 ne. Ki cika kwanakin ko da zawon ya tsaya tun rana ta uku.