Yadda za ka rubuta saƙon aiki da za a gane tun karatun farko

A Damagaram masu takardar shaidar karatu ba su yi ƙaranci ba, Jami'ar André Salifou tana yaye su kowace shekara. Abin da ke damuna shi ne ka ga saurayi mai ƙoƙari ya samu aiki, amma layi biyar ɗin da zai rubuta wa shugabansa sai an kira shi ya zo ya yi bayani da baki. Gyaran wannan ba wuya gare shi ba.

Kafin ka ɗauki alƙalami, tambayi kanka wa zai karanta, kuma me kake so ya yi in ya gama. Amsar ita ce za ta hau layin farko bayan sallama. Gaisuwa tarbiyya ce, kada ka bar ta, amma a rubuce layi ɗaya ya wadatar.

Daga nan sai ka zaɓi harshe. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma na aiki. Takardar neman aiki da za ka kai buro, ta Faransanci, tsarinta sananne ne: sunanka da lambar wayarka a sama ta hagu, gari da kwanan wata ta dama, sai wanda ake aika wa, dalilin takardar a layi guda, buƙatarka, kalmar girmamawa, sa hannu. Kada ka kwafi ta abokinka, masu karantawa sun ga irinta ba adadi.

Mataki na uku, wanda na fi so a tsaya a kansa, shi ne lambobi. Mu da baki dala muke ƙirgawa, wato faran biyar-biyar, takarda kuwa faran take ƙirgawa. Ɗan kasuwa a Kasuwar Dole in ya ce ɗari, 500 yake nufi, jikka kuma 1000. Yaron shago ya rubuta 100 a littafin bashi, bayan wata biyu rigima ta tashi tsakanin mutanen da suka shekara ashirin suna cinikin amana. Saboda haka rubuta kuɗi da faran, ka sa F a gefe, da ranar, da sunan wanda ya karɓa. Ko da ajami kake rubutu, wannan ƙa'idar ba ta canzawa. In ciniki ya ƙullu ta saƙon murya na WhatsApp, bi shi da rubutaccen adadi, domin ba mai komawa ya saurari murya ta minti shida yana neman farashin buhun gero.

Ma'aikaciyar lafiya nata nauyin ya fi haka. In za ki miƙa aiki ga mai canjinki, rubuta maganin da aka ba mara lafiya, yawansa, da ƙarfe nawa. In kuma uwa kike wa bayani, "sau uku a yini" bai isa ba. Ki ce mata, Inna, ɗaya bayan asuba, ɗaya bayan azahar, ɗaya kafin a kwanta. Sannan ki roƙe ta ta maimaita miki. Kunya kan sa mutanenmu su ce "to" alhali ba su gane ba.

Mai aikin inji, ko a matatar mai ta SORAZ ko a garejin bakin titi, rahotonsa abu huɗu ne: abin da ya gani, lokacin, abin da ya yi, abin da ya rage. Zato ya ware shi daban, ya ce zato ne.

In ka gama, karanta da ƙarfi kamar kana gaban wanda za ka aika wa. Inda numfashinka ya yanke, raba jimlar biyu. Sake duba sunaye da lambobi ɗaya bayan ɗaya, kuma in takarda ce za ka miƙa a buro, ɗauki hotonta da wayarka kafin ta bar hannunka.