Darasi na 9: Idan fankar AC ta ƙi juyawa

AC ɗin da aka fi sakawa a gidaje kashi biyu ne: ɗaya a cikin ɗaki, ɗayan kuma akwati ne a waje. Fankar akwatin waje muke magana, wadda ke fitar da zafi. In ta tsaya, ɗaki ba zai yi sanyi ba, kuma kwamfireso, wato injin da ke gurnani a cikin akwatin, zai yi ta ɗaukar zafi har ya lalace. Da zarar kun ji ƙugi amma fanka a tsaye, ku kashe.

Sai dai kar a yi garaje. Bayan an kunna, akwatin yakan jira kamar minti 3 kafin ya tashi. Wannan lafiya ce. Haka ma yakan ƙi tashi ran da wuta ta zo ba ƙarfi, domin na'urar tana buƙatar bolt 220 zuwa 240.

Kashe wuta

Rimot ba ya kashe wuta. Ku sake karanta wannan layi a hankali, ku ɗora yatsa a kai: rimot ba ya kashe wuta. Tsayar da aikin kawai yake yi, wutar tana nan kwance a cikin waya. Ku kashe makunnin bango, ku zare fulogi. In babu fulogi, ku sauke bireka, wato makunnin da ke cikin akwatin wutar gida. Ku gaya wa mutanen gida kar kowa ya taɓa. Kuma kar wani ya ce ai an ɗauke wuta. Za a iya kawo ta hannunka yana ciki, ko yaro ya tayar da janareta.

Kun zare? Madalla. Yanzu ku zura busasshen kara ta cikin raga ku tura fankar. Kara, ba yatsa ba. In ta juya sakayau, da sauƙi. In ta cije, ku leƙa: leda, gidan zanzaro, mushen ƙadangare, ko ƙurar hunturu da ta daskare.

Kafasito

Shi ne ke ba fanka ƙarfin tashi, kuma sau da yawa shi ne mai laifin. Yana ƙarƙashin ɗan murfin da wayoyi suke shiga, ko ƙarƙashin murfin sama. Na fanka ƙarami ne, baƙi, kamar kwalin ashana. Babban mai kama da gwangwani na kwamfireso ne. A wasu na'urorin an haɗe su a gwangwani ɗaya mai baki uku: C, FAN da HERM.

Ku saurara da kyau, 'yan'uwa. Kafasito yana riƙe wuta ko da an zare fulogi. Na taɓa ganin wani ɗalibina, magidanci mai natsuwa, ya zare komai daidai, sai ya kai hannu. Jifa ya yi da sukundireba, ya wuni yana murza yatsa. Ba wauta ba ce, mantuwa ce, kuma kowa yana iya yin ta. To, ku riƙe sukundireba ta wajen robarta, ku haɗa bakunan kafasiton da ƙarfenta. Wataƙila ku ji "tas". Ku sake haɗawa. Sannan ne za ku taɓa.

Mu maimaita tare: zare fulogi, sauke wutar kafasito, sannan hannu. Shekara da shekaru ina faɗa, amma kullum sai na sami mai tsallakewa don sauri. Saurin me? Wanda ba zai bi wannan ba, don Allah ya mayar da murfin ya kira mai gyara.

Ku ɗauki hoton wayoyin da wayarku ta hannu kafin ku cire ko ɗaya. In kafasiton ya kumbura ko yana yoyon mai, ya mutu. Wani kuma yakan mutu ba alama, sai an auna da mitar masu gyara. A jikinsa akwai lamba, misali 2.5 ko 3, sai alamar µF. Ku tafi da tsohon kasuwa, ku sayo mai lamba iri ɗaya. Kafin ku ɗaura sabon, ku sake duba fulogi.

Motar fanka

In an canza kafasito ba ta tashi ba, ko tana warin ƙuna, motar ce, wato injin da ke juya fankar. Wannan aikin mai gyara ne.

Fankar ciki

In iska ta ragu, ku cire ragar gaba ku wanke, ta bushe, ku mayar.